Kwana Biyu a Ɗakin Magdalene

Magdalene ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Kamar sauran matan Gbagyi na Tungan Maje, a kafaɗa take ɗaukar itace da doya, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako. Shekara talatin tana karɓar haihuwa, kuma tafin hannunta bai manta da kai ko ɗaya ba: wani mai tsini, wani mai laushi kamar nunanniyar gwanda. In kwandastan da ta karɓi haihuwarsa ya gaishe ta a tashar Utako, sai ta ji ɗumin kansa na ranar farko ya dawo mata a hannu.

Kan jikarta Fortune ne kaɗai ba ta karɓa ba. Da tiyata aka ciro ta. Yanzu shekararta huɗu, ba ta taɓa cewa mama ba. Takan zauna a gindin mangwaro tana bin inuwar ganye da yatsa, tana yi wa abin da ba wanda ke gani murmushi.

Magdalene na da bayani, ta kuma raba shi a coci da bakin rijiya: jaririn da bai matsu a hanya ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta farkawa. Wuƙa ce ta ɗauko Fortune tana tsakiyar barci. Abin da ba ta faɗa shi ne, kwana biyu ta riƙe 'yarta Rita a ɗaki tana naƙuda, har ta kori motar da mijin Rita ya kira. Ta yaya za a ji ungozomar gari ta kai 'yar cikinta asibiti?

Wata la'asar ta damina Rita ta dawo daga Maitama, inda take girki a gidan wani oga, da cikin wata takwas. Ta zauna a turmi tana haki.

"Mama, wannan karon a hannunki zan haihu. Ba za su ƙara yanka ni su ɓata mini wani ba."

"Me nas ta ce?"

"Wai in zo da wuri tunda an taɓa yi mini aiki. Wai daɗewa a hanya ta fi tiyata taɓa kan yaro. Surutu! Ai kin fi su sani, ko ba haka ba?"

Yayyafi ya fara. Hazo ya sauko ta wajen Zuba, gidaje suka zama kamar suna iyo. Magdalene ta tuno ɗakin naƙudar nan, da ƙwaryar man kaɗe, da leɓen Rita da ya bushe ya tsage. Ta juyo wajen Rita.

"Ranar Litinin ciwo ya kama ki. Sai Laraba na bari aka tafi."

"Ai ina wurin, Mama."

"Ni ce na hana. Ban san ko shi ya taɓa yarinyar ba, amma ni ce."

Rita ta kalle ta, ba mamaki a fuskarta ko kaɗan.

"Shekara huɗu ina jira in ji wannan daga bakinki."

Ta zaro katin asibiti daga jaka ta ajiye a cinyar uwarta. Tuni an rubuta ranar tiyata.

"Alhamis ta sama ce. Ki zo ki riƙe mini jaka."