Ranar da Sanyin Murya Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Sanyin Murya abokan aikinta suke kiranta, domin mutum zai bugo waya yana huci, kafin ta gama da shi sai ka ji yana tambayar lafiyar yara. A ɗakin amsa waya na wani kamfanin manhajar sauraren waƙa take aiki, kujerarta can lungu kusa da taga. Da wannan kujera ta riƙe 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta bayan rasuwar mijinta. Koken mutane bai wuce na wanda ya manta lambar sirri ba, ko wanda waƙa ta maƙale masa a tsakiya.

Sai wani babban kamfanin talla ya saye su. Ba a jima ba zance ya fasu a jaridu, wai an miƙa wa wasu bayanan masu saurare: lambar waya, abin da suke ji, har unguwar da suke kwana. Wayoyin ɗakin suka kama ruri kamar an taɓo gidan rina.

Sabon manaja ya tara su a tsaitsaye. "Duk wanda ya tambaya, ku ce bayanansa suna nan a killace. Kar wanda ya ƙara ko wasali."

"Ranka ya daɗe, suna nan ɗin?" in ji ta.

"Malama, ke dai faɗi abin da aka ce."

Ta yi ta faɗa har bakinta ya saba, ga shi ana naɗar kowane kira. Wata rana da hantsi wata mata ta bugo, murya ƙasa-ƙasa, jariri yana ƙananan koke-koke kusa da ita. Ta ce ta baro garinsu ne saboda tsohon mijinta ya rantse sai ya ga bayanta. Ta bar komai ban da wannan manhaja, don da ita take lallashin yaron ya yi barci.

"'Yar'uwa, ki dubi Allah ki gaya mini gaskiya. Zai iya gano inda nake ta wajenku?"

Sanyin Murya ta ɗaga kai. Manaja yana tsaye bayan gilashi, hannu a aljihu. Maƙwabciyar kujerarta, da ta ga fuskarta ta canja, ta take mata ƙafa. Ta janye ƙafarta.

"Ban sani ba," ta ce. "An ce in ce miki a killace suke, amma ni ban gani da idona ba. Riƙe wayar, mu bi a hankali."

Ta nuna mata inda za ta kashe abin da ke nuna wurin zama, da yadda za ta goge asusun gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa ta sanar da wani nata tun rana ba ta faɗi ba.

Bayan azahar aka kira ta ofis, aka kunna mata muryarta. Ba ta yi musu ba. Nan take aka sallame ta. Ta kwashe kofinta da dardumarta ta sauko har bakin titi.

Da ta ba mahaifiyarta labari, tsohuwar ta ce, "Ubanki ma bakinsa ne ya hana shi ƙiba. Zo ki ci abinci."

Yanzu a wani asibitin haƙori take amsa waya. Binciken zargin har yau bai ƙare ba, matar nan kuwa ba ta sake jin ɗuriyarta ba.