Ganyen da Yaya Yake Sha

Ina aji biyu a kolej shekarar da yayana ya dawo daga cin rani ba ya warin kanumfari. Ni kaɗai na san muhimmancin wannan. Shekaru biyu kafin nan, duk ranar da ya sha giya a wani gida da ke bayan tasha, sai ya tauna kanumfari kafin ya shigo. Inna ta san yana sha, ta yi kuka har ta gaji. Amma ni ce nake miƙa masa ruwan wanke hannu, ni ce hancina yake kusa da bakinsa.

Sati biyu da dawowarsa, bayan an gama shukar gero, Inna ta kasa haƙuri. Yana zaune a zaure yana gyara ƙotar hauya ta ce, "Kai, bana na ga kamar ka natsu."

"Na daina, Inna."

"Haka kawai?"

Ya yi ƴar dariya, bai ɗago kai ba. "Wani ganye nake sha. Shi ya kashe mini sha'awarta."

Inna ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. A gidanmu ganye abu ne na tukunya: sabara don ciki, zogale don kwaɗo, darbejiya idan zazzaɓi ya zo. Wanda ya ce yana shan ganye, to tafasa shi ya yi, ya tace, ya kurɓa. Ni ma haka na ɗauka, na ƴan kwanaki.

Kayen lissafina, wato littafin da nake rubutu a ciki, shi ne ya fara ba ni labari. Na ga an yage takarda daga tsakiya, an yage ta da kyau, ba irin yagar ƙannena ba. Ranar wanki kuma na juya aljihun wandon Yaya, sai ga guntun takardar, baki ɗaya ya ƙone, rubutuna na jan alƙalamin bik yana jiki. Ƙananan ƙwayoyi masu ruwan toka suka zubo a cikin bahon. Na shinshina. A bayan katangar lakwal, wato makarantarmu, manyan ɗalibai suna da wani lungu mai irin wannan warin, kowa ya san sunan abin. Wiwi.

Daga ranar na daina jin darasi sosai. Mushe, malaminmu, yana rubutu a allo, ni ina tunanin idon Yaya. Na lura ranar da idon ya yi ja, gaskiya ba ya zuwa bayan tasha. Sai ya cinye malmala biyu na tuwo, ya nemi ƙari, ya sha ruwan randa moɗa bayan moɗa, ya yi ta dariya da akuya. Kashegari ne abin yake tashi. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zauna, ya miƙe, ya yi wa ƙanena tsawa don ya taɓa rediyo. Idan ya samu ganyen, shi ke nan. Idan bai samu ba, da la'asar sai in ji kanumfari. Wata ranar kasuwa kuma, da abokansa na cin rani suka zo daga Kurni, ya shigo da jan ido da kanumfarin gaba ɗaya, ya taka kwanon kaji bai ma sani ba.

Inna kuwa tana ta yaɗa albishir. Ta faɗa a wurin suna, ta faɗa a bakin famfo. Ni ina gefe riƙe da bidon ɗin ɗibar ruwa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau uku na buɗe baki zan yi mata magana, sai in ga yadda take waƙa tana surfe, in haɗiye.

Wata Laraba da hantsi, ba mu da kalas, Gwaggo ta shigo. Ƙanwar babanmu ce, ɗanta na fari ma giya ta kama shi a Kano.

"Yaya, na zo roƙo," ta ce wa Inna. "Ganyen nan da ya warkar da ɗanki. Ko ɗan kaɗan ne, in jiƙa wa nawa a fura."

"Ke ma dai, har sai kin roƙa? Zauna, yanzu zan dafa miki ki tafi da shi." Ta juyo gare ni. "Ke mai ido kamar na shaho, kin san inda yake ajiyewa. Ɗauko."

Na sani kuwa. Gwangwanin madara ne a bayan jakarsa. Na tsaya a ɗakin na daɗe, gwangwanin yana hannuna, ina jin Inna tana hura wuta. Da na fito ruwa ya fara ƙara a tukunya.

"Kawo mana."

Ban miƙa ba. Muryata ta fito ƙarama. "Inna, ba a tukunya ake shan shi ba."

"A me ake sha?"

"Da ashana."

Gwaggo ce ta fara ganewa, ta rufe baki da mayafi. Inna ta karɓi gwangwanin, ta buɗe, ta shinshina, ta rufe. Sannan ta sauke tukunyar da hannu ba tsumma, ta juye ruwan a gindin lalle.

Da azahar Yaya ya dawo daga gona, ya tarar da gwangwanin a kan tabarmarsa maimakon kwanon fura.

"Wannan ne maganin?" in ji Inna.

Ya kalle ni, na kalli ƙafata. "Inna, wallahi ban yi miki ƙarya ba. Ranar da na sha shi, ba na neman waccan."

"Kashegari fa?"

Ya kai idonsa kan gwangwanin.

"Na ce kashegari fa, mai magani? Da kura ɗaya ce a gidana, yanzu ka kawo mata ƙawa?"

"Zan bari duka."

"Haka ka ce bara."

Bai sake yi mini magana ba har aka yi girbi. Kayena ma bai sake taɓawa ba. Inna ta daina waƙar surfe, ta kuma ba ni wani aiki da ban nema ba. Duk ranar da na kai masa ruwan wanke hannu na dawo madafa, sai ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba, "Yau wanne?"

In ce, "Hayaƙi." Ko in ce, "Kanumfari." Wani lokaci, "Duka biyu."

Kwana huɗu a jere kafin ya koma cin rani na ce mata, "Babu." Ba ta ɗaga hannu sama ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai ƙara masa man shanu a miya. Ranar tafiyar na raka shi da jaka har tasha, ina tafe a bayansa inda iska take kawo mini warinsa. Sabulu ne kawai da zufa. Motar ta tashi, na tsaya ina kallonta, ina tunanin can wa zai riƙa miƙa masa ruwa.