Masarar Kaka da Ƙarfen Bakina

Wata Asabar cikin damina, shekarar da na shiga sakandare, na sauko daga mota a tashar Zuru bakina cike da ƙarfe. Babana soja ne. Ya zo hutu ya tarar 'yan makarantarmu sun laƙaba mini suna Garma, saboda haƙorana biyu na sama sun turo gaba kamar za su yi huɗa, ga wushirya a tsakaninsu. Bai yi shawara da kowa ba ya kai ni wurin likitan haƙori a Sakkwato. Likitan ya nuna mana 'yan maɓallai iri biyu, na ƙarfe da farare kamar tangaran, ya ce kowanne da ɗan tsagin da waya ke bi, kuma karkatar tsagin ce ke sa haƙori ya kwanta daidai. Baba ya zaɓi na ƙarfe, wai ya fi kama da kayan aiki. Aka manna, aka ja waya, aka hana ni cin duk abu mai tauri.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana surfe muka shigo. Ta ajiye taɓarya, ta ɗaga leɓena kamar mai taya akuya. "Wayar ga za ta rufe wushiryar?" Baba ya ce za ta rufe. Ta koma surfenta.

Tun daga ranar ta kamu da ƙaunata. Matar da ko ƙanzo sai na share mata ɗaki take ba ni, ita ce ke tare ni in na dawo daga gona, ta miƙo gasasshiyar masara, wadda ta fi kowacce tauri. "Ci, jikata, ƙarfe bai jin masara." Ni kuwa ga kwaɗayi. Maɓalli ya ɓalle, Mama ta mai da ni Sakkwato, ya sake ɓallewa, har likita ya rasa dalilin da ya sa haƙori ɗaya ya kwanta, ɗayan kuma yana nan yana leƙen waje.

Rannan Mama ta kama Kaka a bayan rumbu tana ba ni rake. Kaka ba ta musa ba. Ni ta kalla ta ce, "Wushiryar kakanki ce. Duk gidan ga ke kaɗai kika ɗauko ta. In kin yi dariya, shi nike gani." Ya rasu tun kafin a haife ni, ko hotonsa babu.

Ta ba ni tausayi ƙwarai, amma sunan Garma ya ishe ni. Na daina karɓar masara. Haƙora suka jeru, wushirya ta rufe, Kaka ta koma rowarta.

Yau Kaka ba ta nan, kuma ina kewarta. 'Yata ta yi famfara, sababbin haƙoranta sun turo gaba, da 'yar ƙofa a tsakaninsu. Babanta har ya fara zancen farin maɓallin da ba a gani, na ce masa to. Sai yanzu na gane abin da Kaka take kallo. Jiya na sayo wa yarinyar masara.