Mama Rifkatu da Injin da Ba a Ƙera Ba

Duk wanda ya taɓa zama da Mama Rifkatu ya san ba ta jin naira. Ka ce mata abu kaza dubu kaza ne, sai ta karkata kai kamar ka yi mata Faransanci, ta ce, "A'a, faɗa mini gaskiya. Buhu nawa?" Buhun citta take nufi. A Kwoi aka haife ta, ta yi shekara arba'in tana sarar citta tana kawowa Kafanchan, har duniya duka ta koma mata buhu-buhu. Ranar da muka yi karo-karo muka saya wa fastonmu mota, kowa yana tafi a harabar coci, ita kuwa tana zagaya motar tana ƙwanƙwasa ta da yatsa. Fasto ya ce, "Mama, ki sa mata albarka mana." Ta ce, "Zan sa, Fasto. Amma ka sani fa, buhu sittin ne za ka riƙa faɗawa rami da shi."

Ni ne Bitrus, ɗan ƙanenta, a hannunta na yi firamare. An ce in faɗi wani abu yau da ta cika shekara ɗaya da barin mu. Na san wasunku suna jira in yi maganar zumuntar mata da waƙoƙinta, amma ni maganar gem zan yi, wasan nan da yara ke yi a talabijin, don a nan na fi saninta, kuma a nan na yi mata laifi.

Kun tuna lokacin da hawan jini ya taɓa ta, hannun dama ya yi nauyi? Likita ya ce a sayo mata ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Mama ta ce, "In sayi ƙwallo don in matsa? In ya ga dama ya ba ni lemo, in na gama matsawa in sha." Ta ƙi. Ana nan 'yarta Hannatu tana share ɗaki ta ci karo da tsohon injin gem da yayanta ya bari lokacin da ya tafi aiki Fatakwal. Ta jona shi da talabijin, ta sa wa Mama abin dannawar a hannu, wanda yara ke kira pad, ta ce ai wannan ma motsa yatsu ne, kuma kyauta. Da jin kyauta Mama ta gyara zama.

Wayyo, jama'a! Na zo daga Mararaban Rido wata Asabar na tarar da tsohuwa mai shekara sittin da takwas, da ɗankwalin zumunta a kanta, tana tseren mota. Tseren me! Motocin duk sun wuce sun bar ta, tata tana rarrafe a gefen titi kamar mai neman fasinja.

Na ce, "Mama, ki taka mana! Tsere ne fa."

Ta ce, "Kai za ka zuba man?"

"Mama, babu mai a ciki, hoto ne kawai."

"Haka ku yaran yanzu kuke cewa a kan komai, shi ya sa ba ku da komai."

Amma kafin a yi wata uku sai ga Mama ta goge. Pad ɗin ta naɗe shi da farar leda don kada rubutun ya goge, tana dannawa kana jin ƙwaras-ƙwaras. In ta shiga kwana sai ta kwanta da jikinta duka, tana rera waƙar coci, in wata mota ta buge ta sai waƙar ta tsaya ta zage ta da yaren Jaba, sannan ta ci gaba daga baitin da ta tsaya. Ta ci ni sau huɗu a jere ran nan. Na ce hannuna ne ke ciwo. Ta ce, "Nawa da ya mutu ya tashi ma bai yi kuka ba." Kuma da gaske hannun ya tashi, har ta koma ɗaura zani da kanta.

To, inji ya tsufa. Ya fara zafi yana ɗaukewa a tsakiyar tsere, sai Hannatu ta tsaya tana masa fifita da murfin tukunya. A lokacin ne aka fara raɗe-raɗin cewa sababbin injuna suna tafe, kowa a waya yana ta hasashen nawa za su fito. Ni da bakina na kai mata labarin. Da na sani!

Duk Lahadin da na zo, bayan sujada, muna ƙarƙashin bishiyar mangwaro muna musu. Ni na ce buhu takwas, ba ƙasa ba. Na yi mata bayanin dala, na yi mata bayanin kuɗin jirgi da na kwastan, na ce kayan lantarki ranar da suka fito ranar suka fi tsada. Mama ta ce buhu uku.

"Mama, daga ina kika samo uku?"

"Bitrus, ka yi karatu amma ba ka yi kasuwa ba. Yaushe citta ya fi araha? Ba lokacin da aka haƙo sabo ba? Komai ya fito sabo, kakarsa ce ta yi. Tsoho ne ke tsada, don an sha wahalan ajiye shi."

"Ai ba a gona ake noma shi ba."

"Ka je ka gani?"

Ban je na gani ba.

Wata rana ta sa na ba ta lambar wani mai shagon kayan lantarki a Kaduna. Na ɗauka tambaya za ta yi. Ashe ciniki! Ta sa wayar a lasifika, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Sabon injin nan mai zuwa, nawa za ka bar mini na ƙarshe?" Bawan Allah ya ce, "Mama, ai ba a ma faɗi kuɗinsa ba. Ina jin ba a gama ƙera shi ba." Ta ce, "To tun da ba ka da shi, me zai hana ka rage mini? Asarar me za ka yi?" Mutumin ya yi dariya har da tari, ya ce ya rage mata rabi. Ta kashe waya ta dube ni, ta ce, "Ka ji ko? Takwas ɗinka ya koma huɗu. Saura ɗaya."

Shekarar da citta ta yi tsada kuwa, ba ta ko bari na ajiye jaka ba. Daga ƙofa ta tare ni: "Injinka ya sauka!" Na ce ba injin ne ya sauka ba, buhu ne ya hau. Ta ce ita dai a awonta ya sauka, in ina da wani awon in je in yi amfani da shi a gidana.

Yanzu ga inda dariyar ta ƙare mini.

A tsakiyar damina tsohon injin ya mutu ɗungurungum. An kai wa mai gyara, ya ce sai dai a yi masa jana'iza. Ni kuma ina da nawa a gida, ya fi nata sabunta, na saye shi da zumuɗi, aiki ya hana ni taɓawa, yana ƙarƙashin talabijin an rufe shi da tsumma. Mama ta sani. Kun san ta, ba ta roƙo. Sai dai ta kira ni a waya, bayan gaisuwa ta ce, "Wancan naka, ƙura ba ya damunsa?"

Na gane sarai. Amma shaiɗan ɗin wasa ya hau kaina. Na ce, "Mama, ba ke kika ce za ki jira sabo na buhu uku ba? Ki ce Bitrus ya yi gaskiya, gobe-goben nan in sa shi a mota."

Ta ce, "Rifkatu ba ta taɓa janye tayi ba."

Na ce, "To mu jira su faɗi farashi."

Muka yi dariya, muka ajiye waya. A raina na ce zan bar ta ta ɗan ji jiki, in Kirsimeti ya zo in naɗe shi da takarda mai ƙyalli in kai mata a gaban kowa, a yi shewa. Sau biyu ta sake kira tana tambayar ƙura. Sau biyu na sake ba ta amsa iri ɗaya, ina jin daɗin kaina. Tafiyar 'yan awoyi ce tsakanina da ita. Na je biki a Samaru Kataf a cikin watannin nan, na bi ta Kafanchan, na tsaya na ci tuwonta, ban sa injin a mota ba.

A watan Nuwamba ciwon ya dawo, bai ba ta kwana uku ba.

Bayan an bizne ta Hannatu ta ja ni bayan ɗaki. Ba faɗa ta yi mini ba, da ma ta yi. Cewa ta yi tun da injin ya mutu hannun ya fara komawa, cokali ma yana faɗuwa. Ta ce da la'asar Mama takan zauna a gaban talabijin a kashe, tana danna pad ɗin, tana cewa kada yatsu su manta kafin Bitrus ya sauko daga kan dokinsa. Hannatu ta so ta kira ni, Mama ta hana ta, ta ce, "Bar shi, yana jin daɗin musun. Shi kaɗai ke zuwa ya yi musu da ni."

Likita ya ce ba rashin gem ne ya kashe ta ba, na kuma yarda. Amma wata huɗu na ƙarshe na rayuwarta, abin da ya fi faranta mata rai yana gidana a ƙarƙashin tsumma, don kawai ina so tsohuwar da ta goya ni ta ce na fi ta gaskiya. Har yau yana wurin. Na kasa kunna shi, na kasa sayarwa.

Mama, ki yafe wa ɗanki mai taurin kai, a wurinki ya koya. Ubangiji ya ba ki hutawa a ƙirjinsa, ya riƙe hannun nan naki da nasa. Mu kuma da muka rage, ya ba mu hankalin kai wa mutanenmu abin da ke hannunmu tun suna iya karɓa. Cikin sunan Yesu, amin.