Wa Ya Sha Nonon Wa

Gidanmu na Zaitawa babban gida ne, irin wanda baƙo kan shiga ya kasa gane hanyar fita. A yadda muka taso, jariri ba ya daɗewa yana kuka a gidan. In uwarsa na wanka ko tana gaban murhu, duk matar da ke da goyo sai ta ɗauke shi ta ba shi nono. Taimako ne, amma yana da hukunci, domin wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, babu aure tsakaninsa da 'ya'yanta. Mu kuwa gidan auren zumunci ne. Saboda haka kafin a fara maganar aure a cikin dangi, sai an je ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, an tambaye ta. Ita ce ta riƙe wa ya sha nonon wa, tun daga kanmu har 'ya'yanmu.

Da na yi ritaya daga koyarwa na sayi kwamfuta ta hannu. Na ga Gwaggo ta soma kiran jikoki da sunan iyayensu, sai na ce a rubuta abin nan tun da sauran lokaci. Wata uku muna zama bayan la'asar, ita a kan tabarma tana faɗa, ni ina bugawa da yatsa biyu. Ta ce in rubuta a takarda ma. Na ce mata takarda abincin gara ce, na tuna mata yadda littattafan kakanmu suka ƙare. Ta ce, "To, ai kai ne ɗan boko." Da damina ta zagayo ta rasu. A zaman makoki na ji ana sa mini albarka, wai na ceci gidan. Ban musa ba.

Tun ranar da na sayi kwamfutar, duk sanda na jona ta da intanet ɗin wayata sai wani ɗan saƙo ya leƙo, wai an aiko da gyaran tsaro, in bari a saka shi. Zaɓi biyu ne a ƙarƙashinsa: yanzu, ko a tuna mini gobe. Ni mutum ne da ba na son umarni. Shugabannin makaranta sun yi fama da ni har suka gaji, ba abin da na saya da kuɗina ne zai zo ya ce mini "yanzu" ba. Ina kuma da hujja. Wuta a unguwarmu ba ta zama in ta zo, batirin kwamfutar kuwa ya riga ni yin ritaya, data ma ba a rijiya ake ɗebo ta ba. Sai na riƙa yi wa saƙon abin da muke yi wa mai tallan da ba ma son kunyatawa. Ba a ce masa a'a, sai dai "Allah ya kai mu gobe." Shi kuma bai taɓa yin fushi ba. Shekara biyu muna wannan gaisuwar.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta, na kunna kwamfutar don in rubuta sanarwar aikin gayya na masallaci. Babu fayil ɗaya da ya yarda ya buɗe. Sai wani jan shafi da ke cewa an kulle komai, in biya fansa. Na kashe na kunna, iyakar maganin da na sani ke nan. Jan shafin ya dawo.

Na kai ta wurin wani tsohon ɗalibina, yanzu magidanci ne mai tumbi da shago a kasuwar waya. Ya duba, ya ɗago.

"Malam, yaushe rabonka da afdet?"

"Mene ne shi?"

"Saƙon nan da ke cewa a saka gyara."

"Muna gaisawa kullum," na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Malam, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu manhajar sun ga tsagar tuntuni, sun aiko maka da yaɓe har gida, kyauta. Ɓarayin nan ba su san ka ba. Bi kawai suke suna laluben wanda bai yi yaɓen ba."

Ya tambaye ni ko na kwafi wani abu a filash. Ban kwafa ba. Na tambaye shi ko a biya su, ya ce wanda ya biya ɓarawo ba shi da wurin kai ƙara in ya ƙi sakin kayan. Mako guda ta yi a hannunsa, daga ƙarshe ya wanke ta tas, ya saka mata duk gyaran da ta daɗe tana roƙo. Ta dawo gida da cikakken tsaro, babu komai a cikinta. Bai tuna mini bulalar da na sha yi masa a kan jinkirta aikin gida ba. Da ya tuna mini da na fi samun sauƙi.

Ban gaya wa kowa ba, kunya ta hana ni. Na ce a raina wataƙila ba za a buƙata ba.

Ba a rufa shekara ba ɗan yayana ya ce yana son 'yar ƙanwata. Shi marini ne a Ƙofar Mata, ita ma'aikaciyar jinya, dukansu manya masu hankalinsu, kuma kowa ya yi murna. Abu ɗaya ne ya rage. Lokacin da aka haife ta, ƙanwata ta zo wankan jego gidanmu, ciwo ya kwantar da ita a asibiti fiye da wata guda, jaririyar ta yi ta yawo a hannun masu goyo. Mahaifiyar yaron tana cikin masu goyon a lokacin, kuma ta daɗe da rasuwa. Manyan gida suka taru a zaure suka ce in ɗauko kwamfuta. A nan na faɗa musu. Yayana bai zage ni ba, kallona kawai ya yi.

Aka bi tsofaffin matan da suka rage. Ɗaya ta ce kamar yarinyar ta sha nonon mahaifiyar yaron, ɗaya ta ce kamar ba ta sha ba. Mu maza kuwa ba mu san komai ba, muna zaure lokacin da ake abin. Malamin unguwa ya ce zato ba ya haramta aure, sai da shaida. Mahaifin yarinyar ya ce ya ji, amma shi ba zai aurar da 'yarsa yana kokwanto ba, sai dai in wanda ya rubuta da hannunsa zai ce ya tuna.

Yarinyar ta zo wurina da yamma, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Kawu, kai ka buga shi da hannunka. Ka ce kawai ka tuna ban sha ba. Kai kaɗai Baba zai yarda da maganarka."

Na tuna ranar da Gwaggo ta zo kan sunanta. Ta ce yarinyar nan ta sha wahala, sannan ta ambaci mata biyu da suka shayar da ita. Ta farko na riƙe ta, matar baffanmu ce. Ta biyun na yi kwanaki ina nema a kaina ban same ta ba. Ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta, kuma ban taɓa son yin ƙarya kamar ranar ba.

"Ban tuna ba," na ce.

Ta miƙe. Sai ta ce, "To, Kawu." Ta tambaye ni ko ina da saƙo wurin mahaifiyarta, na ce a gaishe ta. Ta sa takalmanta ta fita.

Shekara ta uku ke nan, daga ita har shi babu wanda ya yi aure. Duk Juma'a suna zuwa gaishe ni, kowa da lokacinsa.