Kwalaben Rogona a Hannun Inna

Sa'ad da nake digiri na biyu, aikina shi ne rainon rogo a cikin kwalba. Mukan yanki ɗan tsiro kamar kan allura, mu dasa shi a wani farin kunu mai daskarewa, mu toshe bakin kwalbar don kada ko numfashi ya taɓa shi. Wata goma sha huɗu na yi ina wannan wahala.

Lokacin kowa ya samu bakin magana a ƙasar, yau zanga-zanga, gobe yajin aiki. Da aka ce za a rufe jami'a, na loda kwalabena a kwali, na hau zemijan, wato acaɓa, na kawo su gida Zongo, na jera a bakin taga.

Inna kuwa soyayyiyar gyaɗa take sayarwa, kuma a Kwatano gyaɗa a kwalba ake zuba ta. Ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu a raina ba.

Ranar Juma'a na dawo daga unguwar Gbégamey na tarar da kwalabena a kan tire, an wanke su tas, cike da gyaɗa har wuya. Tsirraina suna kwance a bakin kwata, kaji na tsattsaga. Sai na kurma ihu: "Inna, kin kashe ni!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta murza bawon gyaɗa.

"Shekara ashirin kwalbar gyaɗa ke kai ki makaranta," in ji ta. "Yau ke za ki koya mini abin da ake zubawa a ciki?"