Aikin da Ba a Ji Daga Zaure

Kwana huɗu kwalin nan ya yi a bayan ƙofar ɗakina ban buɗe shi ba. Duk wucewar da zan yi sai na harare shi, kamar shi ya yi mini laifin. A jikinsa an zana inji mai wuƙaƙe a ciki, irin wanda ke yanka albasa, ya markaɗa tattasai, ya goge karas, ya niƙe gyaɗa. Ƙanena ne ya aiko shi daga Sakkwato, da saƙon wai in yi murna. Ni kuwa abin da na ce masa a waya, da bakina, har sau biyu, shi ne miksa: injin kwaɓi mai kwano, wanda zai buga mini bota da sukari, ya murza kwaɓin burodi.

Bari in gaya maka dalili, kada ka ce ba ni da godiya. Kek da donot da burodi nake yi a cikin gida, nan Boɗinga, da su nake riƙe da yarana tun rasuwar babansu. Bara wuyan hannuna na dama ya fara kumbura. Da safe yatsu uku ba sa jin komai sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Ma'aikaciyar asibiti ta duba, ta ce ko in daina bugun kwaɓi, ko hannun ya daina da kansa. Na san ba barazana take ba, domin na taɓa ganin inda irin wannan hannu yake ƙarewa.

A gidan kakata ta wajen uba na tashi, a Shagari. Inna muke ce mata. Alkaki da funkaso take yi, kuma duk yarinyar da za a kai ɗaki a unguwarmu, da wuya a haɗa gararta ba da alkakin Inna ba. Bayan girbi, in bukukuwa suka kankama, gidan nan ba ya rabuwa da warin ƙullun alkama da ya tashi, ɗan tsami-tsami, haɗe da ƙanshin man gyaɗa mai zafi. Har yau in na buɗe kwaɓina na ji wannan tsamin, bayan rumbunta nake gani.

Aikin a rabe yake. Mu 'yan mata, ni da 'ya'yan gwaggona, mu ne da surfe da daka da niƙa. Muna lugude muna waƙa, ana jin mu har bakin hanya. Ita kuwa Inna sai ta zauna a tabarma bayan rumbu, ta sa ƙwarya tsakanin ƙafafunta, ta yi ta bugun ƙullun funkaso da tafin hannu har sai ya yi danƙo yana bin yatsu. In ta gama ta koma murzar alkaki. Tun hantsi har azahar. Lokacin sanyi gaɓoɓin yatsunta su tsattsage, da bazara gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarta. Amma aikin nan ba shi da ƙara. In kana zaure, ba za ka san ana yin sa ba.

A zauren kuwa aka yanke shawarar. Baffana, ƙanin mahaifina, ya dawo daga fatauci a kudu da ɗan hali, ya ce zai yi wa tsohuwarsa abin da zai rage mata wahala. Suka zauna shi da mahaifina da abokansu, suna cin funkason da hannun nan ya buga, suna tunanin me ke wahalar da Inna. Me suke ji kullum? Taɓarya. Shi ke nan, suka ce ai daka ce wahalar gidan. Tsakaninsu da ita taku ashirin bai kai ba, amma ba a sami mutum ɗaya da ya tashi ya leƙa ya tambaye ta ba.

Aka kawo injin niƙa na hannu, aka ɗaure shi a jikin benci, ana juya mariƙinsa gari na zuba. Aka taru ana ta sa wa Baffa albarka. Ni ma na yi tsalle, ba zan ɓoye maka ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na huta da dutsen niƙa, me ya dame ni?

Na ruga na ce mata, "Inna, kin huta!"

Ta dube ni, ta ɗaga hannunta da ƙullu a jiki, ta ce, "Wanga injin naku na, ɗiyata. Ni nawa ga shi nan."

Abin da ya biyo baya shi ne ban yafe ba. Baffa ya shiga gari yana faɗa da alfahari cewa yanzu gidanmu da inji, kowa ya kawo aikin bikinsa. Aka kawo kuwa, har daga Horo Birni. Garin da a da muke yini ba mu haɗa ba, yanzu kafin hantsi ya cika ƙwarya uku. Duk a gaban Inna ake jerawa. Injin ya ninka gari, hannun da zai buga shi kuwa yana nan guda ɗaya. Ba ta iya cewa a'a, don kada a ce ta raina kyautar ɗanta.

Damina uku aka yi a haka. A ta huɗu yatsunta suka lanƙwashe, suka ƙi miƙewa. Ni nake zuba mata ruwan alwala, don ba ta iya riƙe buta. Ni nake ɗaura mata ɗankwali. Matar da ta ciyar da bukukuwan unguwa guda, sai an gutsura mata tuwo an sa mata a tafin hannu. A zaure aka ce tsufa ne. Tsufa! Ƙawayenta da suka girme ta suna nan suna kaɗin auduga. Injin kuwa aka ci gaba da nuna shi ga baƙi.

To ka ga abin da na tuna da na ga kwalin nan.

Ran Asabar ƙanena ya zo, da fara'arsa, yana jiran godiya. Ya ga kwali a rufe, fuskarsa ta sauya.

"Yaya, ba ki buɗe ba? Mai kanti ya ce wanga aiki goma shika yi, wancan ɗaya tak. Har kwaɓin ma shina yi."

"Na gwangwani biyu," na ce. "Ni mudu nika kwaɓawa. Albasa ta taɓa kai ni asibiti?"

Ban tsaya gardama ba. Na ɗauko roba, na zuba bota da sukari na kek ɗin suna da aka ba ni, na miƙa masa muciya. Na ce ya buga har sai ya yi fari ya tashi. Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Ma'aikacin gwamnati ne, ƙato, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Bai jima ba ya sauya hannu. Ya sake sauyawa. Dariyar ta ɗauke, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, bota kuwa tana nan rawaya yadda take.

Ya ajiye muciyar yana yarfe hannu. "Kullum haka kika yi?"

"Sau uku, in da aiki."

Ya share gumi da bayan hannu. A gidan Inna ya tashi shi ma, ya ci funkason nan fiye da kowa. Can ya ce, a hankali, "Amma Inna ba ta taɓa cewa komi ba."

"Wa yat tambaye ta?" na ce. "Ni kuma da nic ce, ka ji?"

Ya miƙe. Ya ɗauki kwalin ya sa a mota.

Yanzu miksa tana kan tebur a kicin ɗina. Hannuna bai warke duka ba, amma ina riƙe buta da kaina. Zamani ya kawo injuna iri-iri, sai dai har gobe akwai masu zama a waje su zaɓa wa mace abin da zai hutar da ita, ba su taɓa sa hannu a ƙwaryarta ba. Injin nan nawa yana da ƙara, in ya kama kwaɓin burodi har maƙwabta suna ji. 'Yata takan ce in rufe ƙofar kicin saboda mutane. Ba na rufewa. Shekara da shekaru Inna ta yi wannan aikin shiru a bayan rumbu har ya cinye mata hannu. Yanzu da ya sami murya, a bari a ji shi har zaure.